XIST ya cinye mana kuɗin bincike

Har yau in na ga haruffan XIST, sunan wata ƙwayar gado, a kan allon kwamfuta sai raina ya ɓaci.

Aikinmu a nan Zariya shi ne mu gano ƙwayoyin gadon da ke aiki fiye da kima, ko ƙasa da kima, a cikin ƙwayoyin asali na ɓargon matasa masu karkacewar ƙashin baya, idan aka kwatanta da na waɗanda ba su da ita. Renon ƙwayoyin bai ba mu wahala ba, alamomin da ke tabbatar da su, wato CD73 da CD90 da CD105, duk sun fito, CD45 da bai kamata ya fito ba kuma babu. RNA ɗin, wato saƙon da ke nuna ƙwayoyin gadon da ke aiki, shi ma ya yi kyau duk da halin wutar lantarki. Muka tattara kuɗin da ke hannu muka tura waje a karanta mana.

Na sa rai in ga RUNX2, mai jagorantar gina ƙashi, ko LBX1 da masu bincike a Japan suka alaƙanta da ciwon a 2011. Da sakamako ya dawo, XIST ne a sahun farko, a ɗaya gefen kuma DDX3Y da RPS4Y1. Na farkon na mata ne, shi ke rufe ɗaya daga cikin ƙunshin ƙwayoyin gado biyu da ake kira X da mace ke da su. Sauran biyun a kan ƙunshin Y suke, wanda na maza ne. Wato mun biya makudan kuɗi an shaida mana cewa mace daban, namiji daban.

Dalilin a fili yake, shi ya sa abin ke min ciwo. Karkacewar da ke tsananta har ta kai digiri 45 zuwa 50, inda ake maganar tiyata, ta fi kama 'yan mata. To wane uba ne zai yarda a huda ƙugun lafiyayyar 'yarsa a ɗebi ɓargo don kwatance? Babu. Sai muka koma ga masu karaya da za a yi wa aiki, su kuwa kusan duk samari ne da babur ya kayar. Ga karayar kanta tana tayar da ƙwayoyin gina ƙashi, don haka ko ɗan bambancin da ya rage ban isa in ce na karkacewa ba ne.

Farfesa ya duba takardar ya ce, "Malam, wa ya jera maka rukunin kwatancen nan?" Mu duka muka zauna muka jera shi, har da shi, amma na yi shiru.

Wai a gyara da lissafi, in ji wani abokin aiki. Lissafi ba ya raba jinsi da ciwo idan kowane rukuni jinsi ɗaya ne.

Yanzu kafin a taɓa allura sai na ga jinsi da shekaru a rubuce, kowace yarinya da takwararta. Samun 'yan mata masu karaya yana jan lokaci, da yawa wajen masu ɗori ake kai su. Muna jira, firiza tana nan da rabin samfuran.