Kuɗin Juji: Wa Zai Biya, Kuma Ina Zai Tafi?

Duk lokacin da aka tayar da zancen shara a Zariya, hankalin mutane kan tsaya ne a kan kwashewa: yaushe mota za ta zo, me ya sa bolar unguwa ta cika har ta cinye rabin titi, wa ya kamata ya yashe kwata kafin ruwa ya sauka. Ba kasafai ake bin tifar da ta ɗebi sharar a ga inda za ta juye ta ba, balle a tambayi wanda ke kula da wannan wuri da abin da kulawar ke ci. A ƙasashe da dama gwamnati kan ɗora wa mai gudanar da babban juji wani kuɗi a kan kowane tan na sharar da ta shiga ƙofarsa, kuma da wannan kuɗi ake riƙe da yawa daga cikin aikin tsabtar gari. Ina goyon bayan a yi irin wannan tsari a nan, amma goyon bayan nawa yana tare da sharaɗi, domin kuɗin da aka karɓa da sunan juji aka zuba shi a wani aikin daban ba zai rage mana ko buhu ɗaya na shara ba.

Dalilin karɓar kuɗin shi ne juji ba ya gama cin kuɗi ranar da aka zuba masa shara. Idan ruwan sama ya ratsa tarin ruɓaɓɓen abinci da leda da tsofaffin batura da ragowar magani, wani baƙin ruwa mai wari kan tsatso daga ƙasansa ya nutse cikin ƙasa, kuma a garin da gidaje masu yawa ke shan ruwan rijiya da burtsatse, wannan ba ƙaramin haɗari ba ne. Ruɓewar kuma tana haifar da iskar gas mai kamawa da wuta, shi ya sa babban juji kan yi ta hayaƙi tsawon makonni a lokacin rani ko da ba wanda ya ƙyasta ashana. Jujin da aka gina bisa ƙa'ida ana shimfiɗa masa yumɓu da kauraren leda a ƙasa, a sa bututun da zai tattara wannan ruwa, a riƙa daddanne sharar da katafila ana rufe ta da ƙasa a ƙarshen kowane yini, a kewaye wurin, a ajiye masu gadi. Bayan ya cika an rufe shi ma aikin bai ƙare ba. A Amurka dokar tarayya ta wajabta wa mai juji ya ci gaba da kula da wurin har shekara 30 bayan rufewa, kuma tun yana aiki sai ya nuna cewa ya tanadi kuɗin wannan kulawa, don kada ya kwashe riba ya bar wa jama'a rami mai guba.

Misalin da aka fi ambata shi ne na Birtaniya, wadda ta fara karɓar harajin juji a watan Oktoba na 1996 a kan fam 7 kowane tan na sharar gida, da fam 2 a kan irin sharar da ba ta ruɓewa kamar ɓaraguzan gini. An yi ta ƙara shi da gangan har ya kai fam 80 a 2014, ya wuce fam 100 a 2023. Manufarsu ita ce binne shara ya yi tsada har kamfanoni da ƙananan hukumomi su gwammace su tace ta, su sake sarrafa abin da zai sarrafu, kuma hakan ya faru, domin sharar da suke binnewa ta ragu ƙwarai. Amma su ma sun ɗanɗana ɗacinsa, don tsadar ta sa wasu ɓata-gari suna karɓar kuɗin kwashe shara su je su juye ta a gonakin mutane da dare.

Tsarin da ya fi jan hankalina shi ne na jihar Pennsylvania a Amurka. Dokarsu ta 1988 ta ɗora dala 2 a kan kowane tan don tallafa wa aikin sake sarrafa shara, sannan ta ce mai juji ya biya aƙalla dala 1 a kan kowane tan ga ƙaramar hukumar da jujin ke cikin ƙasarta. A 2002 suka ƙara dala 4 don ayyukan kare muhalli. Kuɗin ba shi da yawa, amma kowace dala an rubuta inda za ta tun kafin a karɓe ta, kuma an amince a cikin doka cewa mutanen da ke maƙwabtaka da juji suna ɗauke wa sauran gari wani nauyi da ya kamata a biya su.

A Najeriya ba rashin doka ke damun mu ba. Tun bayan da aka gano sharar guba da aka shigo da ita daga Italiya aka jibge a garin Koko na jihar Delta ta yanzu a 1988, gwamnatin tarayya ta kafa hukumar kare muhalli, ta biyo da dokar tantance illar manyan ayyuka ga muhalli a 1992, sannan a 2007 aka kafa hukumar NESREA mai tilasta bin dokokin muhalli, wadda ta fitar da ƙa'idojin tsabta da sarrafa shara a 2009. Jadawali na huɗu na tsarin mulkin 1999 ya sanya zubar da shara cikin ayyukan ƙaramar hukuma, kuma dokar 1998 da ta rarraba haraji tsakanin matakan gwamnati uku ta ba ƙaramar hukuma ikon karɓar kuɗin zubar da shara. A jihar Kaduna kuwa akwai hukumar kare muhalli ta jiha, wato KEPA, kuma dokar haraji ta 2016 ta tattara karɓar kuɗin shiga a hannun hukumar tara haraji ta jiha, ta hana karɓar tsabar kuɗi a hannu. Hana karɓar kuɗi a hannu abu ne mai kyau, kuma na yaba da shi. Sai dai idan duk kuɗin shiga ya faɗa asusu guda, to dole doka ta fito fili ta ce kaza daga ciki na juji ne, in ba haka ba zai narke cikin albashi da kwangilar titi, katafilar juji kuwa ta kwana babu man dizal.

Yanzu a dubi yadda Zariya take. Garin ya rabu tsakanin ƙananan hukumomi biyu, Zariya da Sabon Gari, amma shara ba ta san iyaka ba: ledar da aka jefa a kwata a Samaru ko Kwangila ruwa ne zai kai ta Kubanni, Kubanni kuma ya kai ta Galma, alhali a gefen waɗannan koguna ne masu lambu ke noman latas da kabeji da alayyahon da muke saye a kasuwa. A cikin birni, kududdufan da kakanninmu suka haƙa don ɗibar ƙasar gini su ne suka zama bola, kuma idan sun cika sai a daddale a yi gini a kai, ruwan da suke tarewa a da ya rasa wurin zuwa sai gidajen mutane. Haka ma gindin ganuwa a wurare da dama. Bankin Duniya ya ƙiyasta a rahotonsa na 2018 cewa a ƙasashen Afirka kudu da Sahara mutum ɗaya na fitar da kusan rabin kilo na shara a rana, kuma kusan kashi 69 cikin 100 na sharar yankin a fili ake jibge ta. Idan aka yi lissafi da wannan ma'auni, kowane mutum dubu ɗari na fitar da tan 46 ko kusa da haka kullum, sai mai karatu ya auna yawan jama'ar da ke tsakanin Ɗan Magaji da Shika.

Wannan ne ya sa nake cewa a nan aiki ne zai riga kuɗi. Ba a iya karɓar kuɗi a kan tan idan babu sikelin da mota za ta hau tana shiga ta kuma hau tana fita, ba a iya sa sikeli a wurin da ba shi da ƙofa, ƙofa kuma ba ta da amfani idan babu shinge. Inda babu waɗannan, abin da ake kira kuɗin juji kan koma ciniki tsakanin direba da mutumin da ke tsaye a bakin hanya, ba rasit, ba lissafi. Idan babu halin sayen sikeli tun farko, ana iya yanke kuɗin bisa girman mota, tifa da nata, a-kori-kura da nata, muddin an rubuta farashin a allo kowa na gani, kuma ta banki za a biya. Amma wannan na wucin gadi ne, domin sai da awo ne hukuma za ta san yawan sharar da garin ke fitarwa da shekarun da suka rage wa jujin kafin ya cika.

Sai batun wanda kuɗin zai faɗa wa a ƙarshe. Sunan mai juji ne a kan takardar biya, amma shi zai ɗora wa mai mota, mai mota ya ɗora wa mai shago da magidanci. A unguwanninmu da yawa ba mota ce ke zuwa ƙofar gida ba, yara ne da matasa masu baro da kura, waɗanda ake ba ɗan abin da ya samu su kai sharar bola. Idan aka tsawwala kuɗin a ƙofar juji, babu wanda zai tura baro ya je ya biya alhali ga kwata kusa da shi kyauta. Abin da ya faru a Birtaniya, ƙasar da ke da 'yan sanda da kotuna masu ƙarfi, zai fi faruwa a nan. Saboda haka ra'ayina shi ne kuɗin ya fara da sauƙi, ya fi nauyi a kan masu fitar da shara mai yawa, wato kasuwanni da otal-otal da masana'antu da manyan makarantu, a bar mai baro ya zuba a wurin tattarawa na unguwa ba tare da ya biya ko kwabo ba. Asarar da za a yi a kansa ba ta kai kuɗin yashe magudanar ruwa da jinyar masu amai da gudawa ba.

Akwai kuma wata dukiya da muke da ita wadda tsarin da aka kwafo daga waje kai tsaye zai iya kashewa. Tun da daɗewa manoman kewayen Zariya da Kano suke sayen sharar gari su kai gona a matsayin taki, a da a kan jakuna, yanzu a mota, kuma tsadar takin zamani ta ƙara wa wannan ciniki daraja. 'Yan jari-bola kuma suna tsince ƙarfe da gwangwani da roba su sayar wa dillalai. Duk abin da waɗannan mutane suka ɗauke, nauyi ne da ya sauka daga kan juji. Mai hankali zai tsara kuɗin ta yadda za a biya a kan abin da aka binne kawai, a yafe shi a kan abin da aka tace aka fitar, don mai juji ya ga ribarsa tana cikin barin masu tsinta su yi aiki cikin tsari, da safar hannu da takalmi, ba cikin korar su ba. Abin da ke ɓata takin bola a yau shi ne leda da fasassun kwalabe da batura, kuma wani kaso na kuɗin zai iya sayen rariya da biyan masu tacewa don manomi ya samu taki mai tsabta.

Wajibin da ya fi kowanne nauyi a wurina shi ne haƙƙin maƙwabtan juji. Ba a taɓa kai babban juji unguwar masu hali ba, kullum sai bayan gari, kusa da ƙauyen da mutanensa ba su da bakin magana a ofis. Su ne za su sha hayaƙi da ƙuda, dabbobinsu su ci leda su mutu, rijiyoyinsu su gurɓace, manyan motoci su farfasa musu hanya. Abin da sakaci ke jawowa kuma mun gan shi a wasu wurare: a watan Maris na 2017 tsaunin shara ya zaftare a jujin Koshe da ke Addis Ababa ya kashe fiye da mutum 100, a watan Maris na 2018 kuma gobara ta tashi a jujin Olusosun na Legas hayaƙinta ya turnuƙe unguwannin da ke kewaye. Idan za a karɓi kuɗi a kan kowane tan a nan, to a rubuta a doka cewa wani kaso na al'ummar da ta karɓi jujin ne, a yi musu ruwan sha daga nesa da wurin, a riƙa gwada ruwan rijiyoyinsu lokaci zuwa lokaci ana faɗa musu sakamakon, kuma dagaci da masu unguwa su kasance cikin masu duba lissafin. Wani kason kuma a kulle shi a asusun da ba a taɓawa sai ranar rufe jujin.

Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Hukumar da ta karɓi kuɗi daga mai juji ta ɗauki alkawarin sa ido a kansa, kuma sa ido yana bukatar duba-gari da masu gwajin ruwa da abin hawansu. Inda hukuma ce da kanta ke gudanar da jujin, sai a raba mai gudanarwa da mai dubawa, domin ofis ba ya cin kansa tara. Hukuncin da Kotun Ƙoli ta yanke a watan Yuli na 2024 kan 'yancin kuɗin ƙananan hukumomi ya sake buɗe tambayar wa ke da alhakin me, kuma ina ganin dama ce ga Zariya da Sabon Gari su zauna da gwamnatin jiha su amince a kan juji na haɗin gwiwa, da farashi ɗaya, don kada direba ya riƙa tsallaka gada yana neman inda ya fi araha. Muna da jami'a a Samaru mai sassan injiniyan ruwa da muhalli da nazarin ƙasa, waɗanda za su iya nuna filin da ya dace, nesa da rafi kuma inda ruwan ƙasa ke da zurfi. Daga nan sai a buga lissafin a fili duk wata uku, a manna a sakatariyar kowace ƙaramar hukuma, a kuma karanta a rediyo: tan nawa ya shiga, naira nawa aka karɓa, nawa aka kashe a juji, nawa aka miƙa wa maƙwabta, nawa ya rage a asusun rufewa.