Ruwa garau, kifi na mutuwa

Abu mafi wuya da na koya a aikin shagon kifin ado a nan Jidda shi ne hana mai kuɗi sayen kifi ranar da ya sayi tanki. Mutum zai shigo da yaransa, ya biya kuɗin gilashi da matatar ruwa da tsakuwa, ya nuna jajayen kifaye goma ya ce a ɗaure masa. In ka ce, "Alhaji, a ɗan dakata tukuna," sai ya yi maka kallon wanda ba ya son ciniki.

Ido ba ya ganin amoniya, gubar da ke taruwa a ruwan sabon tanki ta kashe kifi. Kifi yana fitar da ita ta jan naman nan na ƙarƙashin kumatunsa, inda yake numfashi, sannan kashinsa da ragowar abincin da ya ruɓe su ƙara. A tsohon tanki akwai bakteriya maƙale a soson matatar ruwan da jikin tsakuwa. Wasu, irin su Nitrosomonas, suna mayar da amoniya naitirayit, wadda ita ma guba ce don tana hana jini ɗaukar iska. Wasu kuma, kamar Nitrospira, su mayar da ita naitiret mai sauƙin illa. Sabon tanki babu ko ɗaya, kuma kafin su kafu akan ɗauki mako 4 zuwa 6. A tsakanin nan ne za ka ga kifi ya taso sama yana haki, ya ƙi cin abinci, naman kumatun ya yi ja wur.

Shi ya sa na fi yarda da kwalbar gwajin amoniya a kan idona. Ka ɗiga maganin a ɗan ruwa, ka jira minti 5. In ya tsaya rawaya, sifili ke nan. In ya fara kore, akwai magana. Amma lambar kaɗai ba ta isa ba, sai an duba pH, wato ma'aunin tsamin ruwa, da zafinsa. A digiri 25, in pH yana 7, nau'in amoniya mai kisa bai wuce kusan rabin kashi 1 cikin 100 na jimillar amoniyar da gwajin ya nuna ba. Ya hau 8, ta ninka kusan sau 10. Zafi ma yana ƙara ta, ga shi ruwan ɗumi ba ya riƙe iska sosai. Wanda ya san yadda ruwan tankin saman bene yake fitowa a watan Yuli zai gane abin da nake nufi.

In kore ya bayyana, a kwashe kashi ɗaya cikin uku ko rabin ruwan, a zuba sabo wanda aka kashe wa kulorin, a rage abinci. Kifi ba ya mutuwa don yunwar kwana biyu, ko da yake yara ba sa yarda da wannan. Mai gaggawa kuwa nakan yanko masa ɗan soso daga tsohon tanki mai lafiya, yadda ake zuba tsohon nono a sabuwar madara don ta yi kindirmo.

Masu tsafta su ne suka fi ba ni tausayi. Wata Hajiya ta zo tana cewa, "Ɗan nan, duk Juma'a nake wanke soson nan a famfo har ya yi fes, amma suna ta mutuwa." Kulorin na famfo ne yake kashe mata bakteriyar, tankin shekara guda ya koma sabo kowane mako. Na ce ta riƙa matse shi a hankali cikin ruwan da ta kwaso daga tankin, ta mayar da shi da sauran dauɗarsa.