Tsokokin kafaɗa: a koye su da motsi kafin hadda

Ɗalibin likitanci ko fisiyoterafi da ya haye shekarar farko ta fiziks da kemistiri da bayoloji, sau da yawa hannu ne sashen jiki na farko da za a ɗora masa a aji biyu, kuma a kafaɗa ake fara tuntuɓe. Dalilin a fili yake: ana haddace sunaye ba a san aikin kowace tsoka ba.

Fara da ƙashi. Gurbin allon kafaɗa ba shi da zurfi, kan ƙashin damtse ya fi shi girma nesa ba kusa ba. Tsokoki huɗu ne ke danne shi a ciki: sufrasifinatus a sama, infrasifinatus da teris ƙarama a baya, sabsikafularis a gaba. Ukun farko suna manne da babban tudun ƙashin damtse, ta huɗun da ƙaramin tudu. Na bayan nan biyu suna juya hannu waje, ta gaba tana juya shi ciki. Teris babba, wata tsoka da ke kusa da su, ba ta cikinsu, kuma wannan kuskuren yana cin maki sosai.

Yanzu ɗaga hannunka ta gefe a hankali. Digiri 15 na farko sufrasifinatus ce ke jan ragama, sannan deltoyid, babbar tsokar da ta lulluɓe kafaɗa, ta ɗauka zuwa 90. Daga nan sai tirafiziyus (tsokar saman baya) da seratus ta gaba (tsokar gefen ƙirji) sun juya allon kafaɗa sama. Cikin digiri 180 na ɗaga hannu har sama, kusan 120 daga gaɓar kafaɗa suke, 60 daga allon. Ɗora tafinka a bayan abokin karatu yana ɗaga hannu, za ka ji allon yana zamewa a ƙarƙashin yatsunka. Wannan ya fi kallon zane sau goma.

Jijiyoyin laka kuwa, a haɗa kowace da raunin da ke taɓa ta. Gocewar kafaɗa, wadda galibi gaba take yi, ko karaya a wuyan ƙashin damtse, tana iya raunata jijiyar aksilari, wadda ke sarrafa deltoyid: deltoyid ta yi rauni, fatar gefen damtse ta sama ta daina jin taɓi. Idan doguwar jijiyar ƙirji ce ta lalace, seratus ta daina aiki. Ka sa mai wannan rauni ya tura bango da hannu biyu, allon kafaɗarsa zai ɓullo baya kamar fiffike.