Riɗinmu zuwa Masar da kundin da ba ya goguwa

Tun daga 1 ga Oktoban 2021, duk mai tura kaya Masar ta teku sai ya bi wata sabuwar ƙa'ida. Hukumomin ƙasar ba sa son jirgi ya iso Iskandariyya ko Dumyat sannan kwastan su fara tambayar me ke cikin kwantena. So suke su sani tun kayan ba su bar ƙasarsu ba. Ni aikina a kamfanin Alhaji shi ne takardu. Muna sayen riɗi a Dawanau da kasuwannin Jigawa, a tankaɗe, a zuba a buhu mai kilo 50, a tura Legas. Da muka sami mai saye a Masar, nauyin wannan ƙa'ida kaina ya faɗo.

Ga yadda ake yi. Mai saye ya shiga shafin Nafeza na gwamnatinsu ya bayyana abin da zai shigo da shi da wanda zai sayar masa, sai a ba shi lamba mai alƙaluma 19 da ake kira ACID. Mu kuma mu yi rajista a dandalin CargoX, wani kamfani na ƙasar Sulobeniya, a tantance cewa kamfaninmu na gaske ne, a ba mu mabuɗin sirri da za mu riƙa sa hannu da shi. Lambar nan dole ta fito a takardar farashi da takardar lodin jirgi, wadda muke kira BL. Kayan da suka tafi babu ita, ba a sauke su.

A wannan dandali na fara taɓa bulokcen da hannuna, wato fasahar kundin da ba ya goguwa. Kafin nan ina jin sunan ne kawai a bakin samari masu harkar kirifto. In ka ɗora takarda, na'ura tana fitar mata da wani dogon tambari na lissafi wanda nata ne ita kaɗai. Canza harafi ɗaya, tambarin ya canza gaba ɗaya. Wannan tambari da lokacin da aka tura shi ake rubutawa a kundin da kwamfutoci masu yawa ke riƙe da kwafinsa. Da Alhaji ya tambaye ni, sai na ce masa, “Ranka ya daɗe, kamar littafin bashi ne da kowane mai rumfa a layi yake da kwafinsa. In mutum ya goge nasa, na sauran za su ƙaryata shi.” Ya gyaɗa kai ya ce, “To wa ke rubutawa da farko?”

Ban ga girman tambayar nan ba sai daga baya. Da fari amfanin kawai nake gani, kuma amfani ne na gaske. Gardamar “mun tura” da “ba mu gani ba” ta mutu. Babu ejan da zai rage farashi a takarda a hanya don a rage haraji, sannan in asiri ya tonu a ce daga wajenmu ne. Mai saye ya fara shirin fitar da kayansa tun jirgi yana kan ruwa. Wanda ya taɓa biyan kuɗin jinkirin kwantena da dala saboda takarda ɗaya ta makale ya san darajar wannan.

Sai wani lodi ya zo. Yarjejeniyarmu ta ce tsabtar riɗin kashi 99 cikin ɗari. Lokaci ya ƙure, muka cike gibi da kaya daga wani sito da muka saba mu'amala da shi. Samfurin da aka kai gwaji fes yake, farin riɗi mai ƙamshi, in ka murza a tafin hannu ba ka jin komai sai maiƙo. Takardar gwaji ta fito, na ɗora, kundi ya rufe ta da tambarinsa. Da aka buɗe kwantena a can, buhunan tsakiya akwai rairayi da ƙaiƙayi. Mai saye ya turo hoto: ya zuba kofi ɗaya a farar takarda, ƙasa ta taru a gefe kamar an ware ta da gangan. Aka rage mana kuɗi, kuma abin da ya fi ci mini rai shi ne takardar ba ta da aibi ko kaɗan. Kundin ya tsare ta da aminci daga Kano har Masar, alhali abin da ke cikinta bai dace da buhun ba. Bulokcen ba ya shiga sito, ba ya hawa sikeli.

Tun daga nan muka sake tsari. Ba ma karɓar samfurin da mai sito ya miƙo. Yaronmu ne ke soka ƙarfen ɗiba a buhunan da ya zaɓa da kansa, sama da tsakiya da ƙasa, kuma kowane buhu yana ɗauke da alamar siton da ya fito. Kwantena mai ƙafa 20 tana cin kusan tan 19, wato buhu wajen 380, don haka aikin ba ƙarami ba ne, amma ya fi arha a kan ragin da aka yi mana.

Abu na biyu da na fahimta ya shafi gwamnatoci. Na bibiyi labarin TradeLens, dandalin bulokcen na takardun jigilar kaya da Maersk, babban kamfanin jiragen ruwa, da IBM, kamfanin kwamfuta, suka buɗe a 2018. Hujjarsu mai ƙarfi ce: a 2014 Maersk ya bi sawun wani lodi daga Mombasa zuwa Turai, ya tarar kusan mutane da hukumomi 30 ne suka sa hannu a ciki, da musayar saƙonni sama da 200. Duk da haka a Nuwamban 2022 aka sanar da rufe dandalin, saboda bai sami haɗin kan da zai sa ya riƙe kansa ba. A ganina dalilin a fili yake. Wane ɗan kasuwa ne zai saki jiki ya zuba sirrin abokan cinikinsa a rumbun da kishiyarsa ta gina? Na Masar ya ɗore ne don doka ce, babu wanda aka roƙa.

Doka ce kuma har yanzu ke jinkirta ragowar aikin. Duk da takardunmu sun isa cikin mintuna, bankin da cinikin ya bi ta hannunsa sai da ya nemi ainihin BL na takarda, muka biya masu kai saƙo ta jirgin sama. Ba laifinsu ba ne, domin a al'adar ciniki wanda ke riƙe da wannan takarda shi ke da kayan, kuma ba kowace kotu ce ta yarda fayil na kwamfuta zai iya tsayawa a matsayinta ba. Hukumar dokokin ciniki ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar da samfurin doka kan haka a 2017, Singafo ta ɗauka a 2021, Birtaniya ta fara aiki da tata a Satumban 2023. Manyan kamfanonin jiragen ruwa tara sun yi alƙawarin komawa BL na lantarki gaba ɗaya nan da 2030.

A ɓangarenmu har yau ina haɗa fom ɗin NXP na fitar da kaya ta banki, da takardar lafiyar tsirrai, da ta asalin kaya, kowacce daga ofishinta, ina sake rubuta nauyi ɗaya da sunan mai saye ɗaya a wurare daban-daban. Najeriya da Masar duk suna cikin yarjejeniyar ciniki maras shinge ta Afirka. Abin da nake so in gani shi ne hukumar da ta duba riɗin ta ɗora shaidarta da kanta, da mabuɗinta, kwastan na can su karanta kai tsaye, ba sai ta bi ta hannuna ko hannun mai sito ba.