Ba mu da marubuci, Yaya ce kawai da mijinta da wayar da ke hannuna

Yawancin masu turo mana saƙo a kan gajerun bidiyon barkwancin da Yayata da mijinta ke yi muna ɗorawa a intanet tambayarsu ɗaya ce, wai wa ke rubuta muku wasan nan? To bari in amsa a nan kowa ya huta, babu mai rubutawa. Babu takarda, babu hadda, babu wani darakta da ke tsaye bayan labule yana raɗa musu abin da za su ce. Ni ce mai riƙe wayar, ni ce kuma ƙanwar matar, saboda haka duk abin da zan faɗa a gaban idona ake yinsa, a tsakar gidansu da ke nan Tudun Wada a Gusau.

Abin da ke sa mutane ƙin yarda shi ne sun san Yaya marubuciya ce. Tun tana sakandare take cika littafin rubutu da labari, ƙawaye su yi ta karɓa hannu da hannu har bangon ya yage, da waya ta zo sai ta koma guruf na WhatsApp, tana sakin labari shafi shafi, masu son ci gaba su biya ɗan abin da ya sauwaƙa a saka su a guruf na musamman. Da babban yatsa take bugawa, cikin dare, bayan yara sun yi barci, kuma mutum ce da za ta goge shafi guda don kalma ɗaya ba ta zauna mata ba. Shi kuma Malam, mijinta, daga kulob ɗin wasan kwaikwayo na makaranta ya taso, ya ɗan taɓa wasan rediyo, yanzu sana'arsa ɗaukar bidiyon biki da haɗa shi a kwamfuta. Allah ya ba shi kunne. In ya zauna da mutum na ɗan lokaci sai ya ɗauke muryarsa tsaf, zai yi maka Bazamfaren ƙauye, ya juya ya yi Bakano mai saurin baki, ya dawo ya yi Bazabarme mai talla, duk a zama ɗaya.

To ga yadda ake yi. Kafin in danna waya abu uku kawai suke tsayarwa: a ina ake, mene ne abin rigimar, wa zai fara magana. Shi kenan. Ƙarshen ma ba su sani ba, sai an je can. Sharaɗinsu ɗaya ne da ba a karyawa, duk abin da ɗaya ya jefo dole ɗayan ya cafe, ba a cewa a'a ba haka muka shirya ba. In ya ce ga baƙo nan a zaure to akwai baƙo a zaure, ko da kuwa yanzu ya ƙirƙiro shi, sai ta san yadda za ta yi da baƙon.

Wanda ya fi yawo a cikin wasanninsu shi ne na lokacin ƙarancin takardun naira, farkon 2023, sanda mutum ke da kuɗi a banki amma ba ya iya sayen tumatir ɗin naira ɗari, layin masu POS har titi. Abin da suka tsayar kawai shi ne ta nemi kuɗin cefane, shi kuma ya ce ya yi mata transfa. Ya zauna a kan tabarma ya miƙe ƙafa, yana nuna waya yana rantsuwa kuɗi sun fita, ita tana daga ɗaki tana cewa ba ta ga alat ba. Suka yi ta ja, ni dai ina ganin nan za a tsaya. Sai na ji motsin kwanuka. Hannunta ya fito daga labule ta ajiye masa kwano rufe da faifai, ta ce, "Malam, ga tuwo nan." Ya ja kwano da murna, ya wanke hannu, ya yi bismilla, ya buɗe, wayam. Ya ɗaga kai ya ce, "Hajiya, mi na wanga kuma?" Ta ce, "Na turo ma tun ɗazu, ka ƙara dubawa, netwok na." Wallahi a bidiyon za ku ga hoton ya girgiza, dariya ce nake dannewa. Amma abin da ya fi burge ni shi ne abin da ya yi bayan nan, bai yi dariya ba, bai tsaya ba, sai ya ɗauki kwanon ya miƙe tsaye ya ɗaga shi sama yana zagaya tsakar gida yana neman sabis, har ya taka turmi. Babu wanda ya shirya wannan, ita ta jefo shi kuma ya cafe ya ƙara nasa.

Kun lura na ce hannunta ya fito daga labule. Har yau ba a taɓa ganin fuskar Yaya a wasan ba, murya ce kawai da hannu mai lalle. Da za su fara sai da aka zauna da Baba, don nan Zamfara ce, jihar da ta fara ƙaddamar da shari'a a 1999, kuma ko ba don hukuma ba gidanmu ba a saba ganin matar aure a bidiyo ba. Baba ya saurara, ya ce in mijinki ya yarda kuma ba za a nuna ki ba, ba za a yi batsa ba, ba za a taɓa addini ko iyayen kowa ba, to Allah ya sa albarka. Ita ma hakan ta fi so. Ni a ganina labulen nan ya ƙara wa wasan ƙarfi, tunda Malam ba ya ganin fuskarta dole ya kasa kunne da gaske, daga yadda ta ja numfashi yake gane ta kusa sako wani abu, ita kuma daga shirunsa take gane ya maƙale yana neman a ciro shi, sai ta jefo masa wata magana. Wannan ba a koyonsa a wata ɗaya, zaman aure ne ya koya musu, da faɗansa da shirinsa.

Kuma don Allah a daina cewa abin nan kwaikwayon Turawa ne. Mu da muka tashi muna ganin tashe a watan azumi, yara su shafa bula su saka gemun auduga su shiga gida gida, wa ya rubuta musu? 'Yan kama da 'yan gambara a kasuwa fa? Wasan taubasai, wasan jika da kaka, wasan Fulani da Barebari, Gobirawa da Yarbawa, duk nan take ake ƙirƙira, wanda ya fi saurin mayar da martani shi ke da fage. Iyayenmu har gobe suna ba da labarin Samanja, marigayi Usman Baba Pategi, da marigayi Kasimu Yero a talabijin ɗin Kaduna, mu kuma mun riski marigayi Rabilu Musa Ibro da ya rasu a Disambar 2014, mutumin da in ya buɗe baki kana ji ka san daga cikinsa maganar ke fitowa. Abin da ya canja kawai yanzu fagen ya koma cikin waya.

Wahalar kuwa akwai ta. Ba su daɗe da farawa ba aka katse layukan sadarwa a duk Zamfara, watan Satumba na 2021, saboda yaƙi da 'yan bindiga. Makonni babu kira babu data. Rubutun Yaya ya tsaya cak, masu biki sun ragu, kuma ga tsoro ga tsadar kaya tunda an rufe kasuwannin mako-mako. A lokacin suka ci gaba da ɗauka muna tarawa a waya, in Malam ya samu aikin da ya kai shi Sakkwato sai ya ɗora a can. Sauran kuwa ta Xender, manhajar tura abu daga waya zuwa waya ba data, ya bazu, daga wayarsa zuwa ta mai cajin waya na bakin layi, daga nan zuwa unguwa. Wata rana wata tsohuwa maƙociyarmu da 'yan bindiga suka taso su daga ƙauyensu ta shigo gidan ta ce wa Yaya, "Ɗiyata, ke ta mai maganar bayan labule? Rabona da dariya tun barowarmu gida." Tun ranar suka ƙara wani sharaɗin da kansu, ba a wasa da garkuwa da mutane, ba a wasa da kuɗin fansa, duk da sun san irin wannan yana jawo masu kallo. Na ga wasu suna yi kuma gaskiya ba ya yi min daɗi ko kaɗan, wanda aka ɗauke wa ɗa ko miji yana cikin masu kallon nan.

Maganar kuɗi kuma, kar wani ya ɗauka an yi arziki. YouTube ba ya fara biyanka kuɗin talla a kan dogon bidiyo sai ka tara mabiya 1000 da awa 4000 na kallo cikin shekara, kuma ko ka kai, abin da ake samu daga masu kallon gida ba shi da yawa. Data ta ƙara tsada tun da aka amince wa kamfanonin waya ƙarin kashi 50 cikin ɗari a farkon 2025. Abin da ke ɗan shigowa daga masu turaren wuta ne da masu atamfa da ke son a saka tallarsu, akwai kuma tallar da Yaya ke mayarwa ko nawa ne, wadda ta san ba za ta iya kallo tare da Mama ba. Ga janaretan maƙota da ke tashi daidai sanda wasa ya yi daɗi, ga zakara, ga mai tallar kalanzir, kuma matsalar wasan da babu rubutu ita ce in hayaniya ta ɓata shi ba ya maimaituwa, an sha gwadawa, na biyun ba ya kai na farko armashi. Shi ya sa muka koma ɗauka da hantsi, yara suna makaranta, haske ma ya fi kyau, da ɗan makirfon da ake maƙalawa a jikin labule. Wani lokaci a ɗauki minti ashirin Malam ya zauna a CapCut, manhajar haɗa bidiyo, ya tsamo minti uku, wani lokaci kuma a zubar da duka don bai yi ba, su ce Allah ya kai mu gobe.

Abin da ban zata ba shi ne yadda wasan ya shiga cikin ainihin sana'arsu. Masu karatun Yaya sun fara ce mata hirar cikin littattafanta ta canja, mutanen ciki suna magana kamar mutane, suna katse juna, ba dogon jawabi irin na da ba. Shi ma Malam a bidiyon biki ya daina tsayar da mutane ya ce ku yi murmushi, yanzu jira yake ya kama kakar amarya tana tsokanar ango.

Kwanan nan wani mai harkar fim ya kira daga Kano, ya ce zai kawo kyamarori da marubuci da ƙarin 'yan wasa a mayar da shi shiri mai dogon zango, amma sai uwargida ta fito fili. Malam ya ce zai yi shawara da iyalinsa. Yaya ta ce ita kyamara tana so don wayata ta fara cin caji, ƙarin 'yan wasa ma ba laifi in za su iya sharaɗin cafewa, amma labule yana nan, takarda kuma ba za ta shigo tsakar gidanta ba, in rubutu ake so ga littattafanta nan a zo a yi ciniki daban. Ni ina bayanta ɗari bisa ɗari. Mutumin ya ce zai sake kira bayan sallah, mu kuma jibi za mu ɗauki na gaba, an tsayar da cewa surukarta ce ta zo daga Talatar Mafara ba sanarwa, gas kuma ya ƙare, Malam ne zai yi muryar tsohuwar.