Gyaran kwale-kwale kafin jan ruwa ya iso Yamai

Rana ta fi ruwa cin jirgin katako. Daga Afrilu zuwa Yuni, lokacin da kogin Isa, wato kogin Neja, ke janyewa har rairayi ya fito kusa da gadar Kennedy, kwale-kwalen da aka bari a tudu yakan bushe, allunansa su tsuke, mahaɗinsu ya buɗe har ka hango haske ta ciki. Sarkawa sun san haka tun kaka da kakanni, shi ya sa suke barin jirgi a jiƙe ko su lulluɓe shi da ciyawa.

In za a yi gyara, sai a kife shi, a kankare tsohuwar kwalta tas, a bi allo ɗaya bayan ɗaya ana ƙwanƙwasawa. Wanda ya ba da mataccen sauti ya ruɓe ta ciki, canza shi za a yi, ko da madaci ne. Ƙusar da ta yi tsatsa a zare ta, sabuwa kuma a lanƙwasa bakinta ta ciki.

Toshiya ita ce wurin da gaggawa ke ɓata aiki. A murɗa tsumman auduga kamar igiya, a cusa shi da ƙarfe marar kaifi, a hankali. In ka danna fiye da kima, katako zai kumbura a ruwa ya rasa wurin buɗawa, sai ya tsage ko ya tunkuɗo ƙusa. Kwalta kuwa ba ta kama jiƙaƙƙen itace, ɓarewa take yi. Bayan shafe, jirgi ya kwana biyu ko uku a ruwa kafin ya ga kaya.

Duk wannan a gama shi kafin Agusta, don jan ruwa, wato cikar damina da kogunan Sirba da Dargol da Gorouol ke zubowa cikin Isa, yana zuwa da laka da kututture, ba kamar cikar da ke gangarowa daga ƙasar Gini a sanyin Janairu ba. Lakar nan tana cinye robar famfon da ke sanyaya inji, leda kuma ta toshe hanyar ruwan. Idonka a kan siririn ruwan da inji ke fesowa ta baya. Da ya tsaya, kashe shi nan take. Injin Yamaha mai shan gauraye, rabin litar baƙin mai yake so a lita 25 na fetur.

Abin da ke ɗaga mini hankali shi ne lodin ranar kasuwa. A bar aƙalla taƙin hannu guda tsakanin bakin jirgi da ruwa, yankakkiyar jarkar kwarfa kuma kada a danne ta da buhu.