Ba mangwaro ne ya sa ni ƙiba ba

Duk shekara idan bazara ta kama, mangwaro ya cika kasuwar Ramin Kura ta Sakkwato, masu baro suka fara zagaya unguwanni da kankana, sai tambayar nan ta dawo bakin 'yan mata da samarin da ke son rage jiki: wai 'ya'yan itatuwa suna sa ƙiba? Amsata ita ce a'a, matuƙar an tauna su yadda Allah Ya halicce su, kuma an ci su a gurbin wani abu, ba a ɗora su a kan abincin da ya riga ya yi yawa ba. Na sha wuya kafin na gane haka, shi ya sa nake so ku ƙannena ku san inda na yi tuntuɓe.

Bayan haihuwata ta biyu jikina ya buɗe sosai. Kun san halinmu a Sakkwato, mace in ta yi ƙiba yabo take sha, kowa sai ya ce hutu ya karɓe ta. Amma ni na san abin da gwiwoyina ke gaya mini in na zo tashi daga sujada, na kuma san yadda numfashina ke sarƙewa in na ɗan yi tafiya cikin rana. Ana nan sai wani saƙo ya zagayo a WhatsApp, wai ayaba da mangwaro da kankana sukari ne zalla, kai tsaye tumbi suke tafiya. Ban tambayi kowa ba, na yanke su gaba ɗaya. Maigida ya shigo da leda, in rarraba wa yara, in kau da kai.

Abin da ban yanke ba shi ne shayin safe da madarar gwangwani da sukari cokali uku. Ban yanke fura mai ƙanƙara da ake zuba wa sukari har sai ta yi zaƙi zaƙwai ba. Da la'asar kuwa, lokacin da zafin Afrilu ya haura digiri 40, kwaɗayin abu mai sanyi da zaƙi ya taso, tunda na haramta wa kaina kankana sai in aiki yaro ya sayo lemon kwalba. Sikeli bai sauka ba, hawa ma ya yi. Wata rana Inna ta ga na ture kwanon mangwaro ta ce, "Ke, mi mangwaro ya yi miki? Mu da muka tashi da shi da magarya da kurna, wa kika gani da teɓa?" Gaskiyarta. Na bar jaki ina ta dukan taiki.

Ƙiba tana zuwa ne idan kuzarin da ke shiga jiki ta abinci ya fi wanda jiki ke ƙonawa, ana auna shi da abin da ake kira kalori. To ku dubi lissafin da ban taɓa yi ba a lokacin. Giram 100 na kankana kalori 30 ne kawai, don sama da kashi 90 cikin ɗari na jikinta ruwa ne. Gwanda tana da kusan 43, lemon zaƙi 47, abarba 50, mangwaro 60, ayaba kusan 90. Shi kuwa man girki, babban cokali ɗaya tak kalori 120 ne. Wato cokalin man da kike ƙarawa a miya ba ki ko lura ba, daidai yake da kankana giram 400, wadda in kin zauna kin cinye ta cikinki zai ɗauka. Robar lemon kwalba mai santilita 50 kuwa takan ɗauki sukari har giram 50, kalori wajen 200, ki shanye cikin minti biyu, yunwarki tana nan inda take.

Za ku ce ai sukari sukari ne, na mangwaro da na kanti duk ɗaya. Ta fuskar sinadari kusan haka ne, amma yadda suke shiga jiki ya bambanta. Sukarin da ke cikin ɗan itace a ƙunshe yake cikin ruwa da zare-zaren nan da ke maƙalewa a haƙori, waɗanda likitoci ke kira faiba. Sai an tauna, sai ciki ya yi aiki a kansa, sannan ya shiga jini a hankali, kuma yana cika ciki har mutum ya ji ya ƙoshi. Shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya, a ƙa'idar da ta fitar a 2015, ta ce a rage sukarin da ake zubawa a abinci da abin sha ya koma ƙasa da kashi 10 cikin ɗari na kuzarin yini, kimanin giram 50 ko cokalin shayi 12 ga babban mutum, amma ba ta saka sukarin da ke cikin ɗanyen ɗan itace a wannan lissafi ba. Ita ce ma ke cewa a ci aƙalla giram 400 na 'ya'yan itatuwa da ganyayyaki kowace rana. A 2011 masu bincike a Jami'ar Harvard ta Amurka sun fitar da sakamakon bibiyar mutane sama da dubu 120 tsawon shekara 12 zuwa 20. Waɗanda suka ƙara cin soyayyen dankali da shan lemo mai sukari nauyinsu ya fi hauhawa, waɗanda suka ƙara 'ya'yan itatuwa da ganye kuwa nasu ya fi tsayawa. Irin wannan bincike alaƙa yake nunawa, ba ya cewa ɗan itace magani ne, amma ya isa ya wanke shi daga zargin da nake yi masa.

Da na gane haka sai na zarce zuwa wani kuskuren, kuma a ganina shi ya fi yawa a tsakaninku yanzu. Na sayi na'urar markaɗe. Kullum da safe in matse lemon zaƙi huɗu, in markaɗa abarba da kankana, in tace da rariya, in kwashe tuƙar in zuba wa awaki, in cika babban kofi in shanye ina ganin lafiya nake sha. Abin da na zuba wa awakin nan shi ne amfanin. Ba zan iya zama in ɓare lemo huɗu in cinye a jere ba, a na biyu zan tsaya, amma ruwansu a kofi ɗaya nakan kwankwaɗe shi a tsaye, sannan in zauna in karya kamar ban sa komai a baki ba. Tun a 1977 aka gwada wannan a Ingila da tuffa: an ba mutane ita a ɗanyarta, an ba su markaɗaɗɗiya, an ba su tataccen ruwanta. Ruwan sun shanye shi da saurin da ya ninka na taunawa sau 11, kuma shi ne ya fi barin su da yunwa. Ita ma hukumar lafiyar da na ambata, ruwan 'ya'yan itace da zuma a layi ɗaya ta sa su da sukarin kanti. Na kwali da ake sayarwa a shaguna ma ban ce komai ba, ku juya bayansa ku karanta da kanku.

Azumi ne ya fi tona mini asiri. A lokacin Ramadan yana faɗowa kusa da bazara, ƙishi ya yi tsanani, ga kayan marmari a wadace. Farantina na buɗa baki ya ƙunshi kankana da gwanda da ayaba an yayyanka, amma sai na kwarara musu madara mai kauri mai zaƙi. Gefe ga kunun aya da aka haɗa da dabino da kwakwa, aka kuma ƙara sukari. Bayansu kunun tsamiya da ƙosai, sai doya da ƙwai, sai tuwo bayan asham. Aka yi salla kayana suka matse ni, na sake cewa kankana ce. Alhali a duk abin da ke kan tabarmar nan ita ce mafi sauƙi. Laifina shi ne ban cire komai ba, ƙari kawai na yi.

Dabino yana buƙatar a yi maganarsa daban, don muna ƙaunarsa kuma buɗa baki da shi sunna ne. Amma busasshen abu ne, ruwansa ya tafi, zaƙin ya taru wuri ɗaya. Giram 100 nasa kalori kusan 280 ne, ya kusa ninka na kankana sau goma. Ƙwaya uku ba komai, sun ma dace da cikin da ya wuni babu komai. Matsalar ita ce ledar da ake ajiyewa kusa da darduma ana ɗauka ana hira, kafin a ankara ƙwallaye sun taru a gefen faranti. Haka mangwaro. Guda ɗaya matsakaici bai wuce kalori 100 zuwa 120 ba, amma wanda ya zauna gaban roba ya sha biyar ko shida don ya yi arha, ya ci abincin rana cikakke, ko da shi yana ganin ɗan marmari ya taɓa. A nan ne kaɗai maganar masu cewa yana sa ƙiba take da ƙamshin gaskiya, kuma ko tuwo aka yi wa irin wannan ci haka zai yi. Batun cewa ayaba da dare ta fi sa ƙiba kuwa, ayabar safe da ta dare kalorinsu ɗaya.

Akwai lokacin da na gwada zama a kan 'ya'yan itatuwa kaɗai, ba tuwo, ba wake, ba nama, na haɗa da shayin rage ƙiba da wata ta tallata mini. Kada ku yi. 'Ya'yan itatuwa ba su da furotin na kirki, wato sinadarin gina jiki, jiki kuwa yana buƙatarsa, in bai samu ba tsokarsa zai fara ci. Jiri ya riƙa ɗibata a tsakar gida, haƙurina da yara ya ƙare, ɗan abin da ya sauka a sikeli yawancinsa ruwa ne, ya dawo cikin 'yan kwanaki da na koma cin abinci da haɗama. Shayin kuwa zawo kawai ya sa ni. Da yawa daga irinsu ganyen filasko ne a ciki, mai wanke ciki, ba ya taɓa kitse, kuma a zafin garin nan rasa ruwan jiki ba abin wasa ba ne.

Abin da ya yi mini aiki ba shi da ban mamaki. Lemon kwalbar la'asar ya koma yankan kankana mai sanyi. Sukarin shayi ya ragu a hankali har harshena ya saba. Fura nakan sha ta da nono kawai. In zan ci tuwo ko shinkafa, sai in fara da lemo ɗaya ko yankan gwanda, in ga malmalar da a da ba ta isa ta ta ishe ni. Man miya da cokali nake aunawa, ba na tuttulawa daga galan. Da sassafe kafin rana ta yi zafi nakan taka, ana so a samu minti 150 a mako. Jikin ya sauka sannu a hankali. Kilo ɗaya na kitse yana ɗauke da kalori wajen 7,700, saboda haka duk wanda ya yi muku alƙawarin zubar da kilo biyar na kitse cikin mako ɗaya, kuɗinku yake so. Rabin kilo zuwa kilo ɗaya a mako shi ne abin da ake nema.

Na san za a ce 'ya'yan itatuwa sun yi tsada, kuma gaskiya ne in tuffa da inibin da ake shigowa da su ake nufi. Ba dole ba ne su. Ku bi lokaci: mangwaro da bazara, gwaiba in ta fito, lemo da sanyi, kankanar fadama in ta yi arha. Gwaiba ma ta fi lemo bitamin C nesa ba kusa ba, ga faiba mai yawa. Goruba da magarya da kurna da muka raina, taunarsu kaɗai tana ɗaukar lokaci, baki ya samu abin yi ba tare da an loda wa ciki ba. Yalo da karas da kokwamba su ma suna kashe kwaɗayin tsakanin abinci.

Wanda ke da ciwon suga, ko mai juna biyu, ko wadda ke shayarwa, maganarsu daban ce. Ba a hana mai ciwon suga 'ya'yan itatuwa, amma adadi da lokaci suna da muhimmanci gare shi, kuma tataccen ruwansu da dabino mai yawa suna ɗaga sukarin jini da sauri. In akwai ciwon a danginku, ko kuna yawan ƙishi da fitsari da kasala, ku je a gwada jininku kafin ku fara kowane tsarin rage jiki. In za ku ga likita, ku rubuta duk abin da kuka ci da wanda kuka sha na kwana uku ku tafi da takardar, kada ku tsallake shayi da fura da lemon kwalba.